Sahir Ba Ya Jin Magiya: Tuƙin Saudiyya a Idon Baƙi

Wani dattijo ɗan Kano da ke tuƙa motar gida a Jidda ya taɓa rage mini hanya daga Bab Sharif zuwa arewacin gari, bayan sallar isha'i. Kafin ya haye teku ya yi shekaru yana jan bas tsakanin Kano da Jos, kuma da bakinsa ya gaya mini cewa a wancan zamani danja ba ta tsayar da shi sai in ya hango mai kaki a gindinta. Muna tafe muna taɗi sai koriyar fitila ta fara ƙifta ido, saura ƙiris mu isa mahaɗar. Titin fayau. Ni da ke gefe na gama sakankancewa zai taka totur ya wuce. Sai na ji ya ɗage ƙafa, ya lallaɓa birki, ya tsaya cak a bayan farin layi. Na bayanmu ya kwanta a kan ham kamar zai tsage mana dodon kunne.

Na ce, "Baba, ai da ka wuce abinka."

Ya yi nuni da haɓa zuwa wani akwati mai ruwan toka da ke kan ƙarfe a gefen titi. "Malam, ka ga wancan? Riyal dubu uku ke nan, albashina na wata biyu. Kuma ba shi da kunnen da zan ce masa ya yi wa Allah ya yi haƙuri."

Akwatin nan shi ne Sahir, na'urar ɗaukar hoton masu karya dokar hanya da Saudiyya ta fara kafawa a 2010. Ma'anar sunan da Larabci, wanda ba ya runtsawa. Amma abin da ya tsaya mini a rai a daren shi ne mai riƙe da sitiyarin. Hannun nan ne dai na tashar Kano, ƙafar nan ce, zuciyar ma ita ce, sai ga tuƙin ya zama na wani mutum daban. Tun daga ranar na daina saurin gaskata maganar da baƙi suka fi yi a ƙasar, wai mutanen nan haka Allah ya yi su, ba su da haƙuri a titi.

Baƙin kuwa ba kaɗan ba ne. Ƙidayar 2022 ta nuna mutum miliyan 32.2 ke zaune a Saudiyya, miliyan 13.4 daga ciki ba 'yan ƙasa ba ne, wato fiye da 4 cikin kowane 10. Duk inda suka zauna, ko Turawa ne a gidajensu masu katanga a Dahran, ko 'yan Indiya a ɗakin kwanan ma'aikata, ko namu a majalisar shayi a Shara Mansur, in an gama zancen kafili, wato ubangidan da ya tsaya wa baƙo, da igama, takardar izinin zama, to sai na titi. Abin da suke lissafawa kuma ba ƙarya ba ne. Kana gudun 120 a hannun hagu, mota za ta manne maka a baya tana watso maka fitila, tsakaninku bai fi taku biyu ba. Wani sai ya zo daf da kwanarsa zai tuna da ita, ya yanko daga hannu na huɗu zuwa na farko ba sigina. Uba na tuƙi da yaro a cinya, waya a kunne. In cunkoso ya yi tsawo, gefen da aka ware wa motar da ta lalace ya zama hanyar kowa.

Duk sun ga wannan, amma ba abu ɗaya ke ba su tsoro ba. Mutumin Sweden ko Ingila ya fito daga ƙasar da masu mutuwa a hanya ba su kai 3 cikin kowane mutum 100,000 a shekara ba. A wurinsu layin da aka zana a kwalta kamar katanga yake, saboda haka abin da ya fara gani a Riyad shi ne rashin tsari. Wanda ya zo daga Alƙahira ko Lahore ko Kano kuwa, ranar farko yabawa yake yi: titi hannu huɗu, sumul, ba rami, ba ɗan acaɓa, ba mai tura baro, ba akuya. Sai ya kwana biyu sannan cikinsa ya ɗuri ruwa, kuma ba rashin tsari ne ya tsorata shi ba. Gudun ne. Mu a cikin gari hayaniya muka sani. A gosulon Kantin Kwari ko Ƙofar Wambai da ƙyar mota ke kai gudun 30. In aka gogi juna, madubi ne ya karye ko fenti ya ɗaye, a fito a yi cacar baki, jama'a su taru su ba da haƙuri, kowa ya kama gabansa. A Riyad titin Sarki Fahad tsakiyar gari ya keta, motoci na bin sa da gudun 100 ko fiye. Kuskuren da a Kano zai ƙare a garejin mai fenti, a nan a maƙabarta yake ƙarewa.

Wannan bambanci ne da idon baƙo ke yawan kuskurewa, musamman Bature. Yana auna haɗari da yawan ham da cakuɗewar motoci, alhali abin da ke kisa ba shi da ƙara sosai. In ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin karon sau huɗu yake ninkuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudun motoci yana ƙara haɗarin mutuwa da kusan kashi 4, kuma mai tafiya a ƙasa da mota ta kaɗe da gudun 65 ya fi wanda ta kaɗe da gudun 50 kusantar mutuwa sau huɗu da rabi. Shataletalen da ake ta ihu a kai sau da yawa ya fi miƙaƙƙen titin da ya yi tsit aminci.

Akwai kuma batun yare, don titi ma yana da nasa, kuma ba a koyar da shi a makarantar tuƙi. A Ingila in direba ya ƙyafta maka fitila, cewa yake bismilla, shiga. A Riyad in na bayanka ya ƙyafta, cewa yake kauce, yanzu-yanzu. A gida in mai tahowa ya ƙyafta maka, gargaɗi ne: ina nan tafe, kada ka kuskura ka shigo. Fitila ɗaya, magana uku, kuma wanda ya fassara ta da yaren garinsu zai iya shiga gaban tirela yana godiya. Haka ham: a Turai zagi ne, a wurinmu sallama ce. Balarabe in ya zuro hannu ta taga ya haɗa yatsu biyar sama yana kaɗawa, ba ashar ya yi maka ba, cewa yake dakata kaɗan. Ita kuwa sigina, sabon zuwa kan yi mamakin yadda da zarar ya kunna ta sai na baya ya ƙara wuta ya toshe gurbin. Bayan wata biyu shi ma ya gane cewa sanar da niyya asara ce, sai ya daina kunnawa. Ashe da yawa daga cikin masu rashin sigina nan da yake zagi, da siginarsu suka zo.

Wani abin ma ba a kai yake ba, a jiki yake. Saudiyya hannun dama take bi, amma da yawa daga cikin ƙasashen da ke ba ta direbobi da leburori, irin su Indiya da Pakistan da Bangladesh da Indonesiya da Kenya da Uganda, duk hagu suke bi. Mutum ya shekara 20 yana duba dama kafin ya tsallaka titi, wuyansa ba zai sake hali a mako guda ba. Mu dai an hutar da mu wannan, tun da Nijeriya ta koma dama a watan Afrilun 1972, Ghana ta biyo baya a 1974, Nijar kuma can ma dama take bi. Kada a ɗauka matsalar talaka ce ko ta wanda bai yi boko ba. A watan Agustan 2019 matar wani ma'aikacin gwamnatin Amurka, makonni kaɗan da zuwanta Ingila, ta fito daga sansanin soja na Croughton ta kama hannun dama irin na garinsu, ta yi taho-mu-gama da wani matashi ɗan shekara 19 a kan babur, Harry Dunn, ya rasu. Ba gudu take yi na hauka ba. Hannu ne ya koma inda ya saba.

To wai shin su wa baƙo ke nufi in ya ce "mutanen nan"? Har zuwa 24 ga Yunin 2018 mata ba sa tuƙi a Saudiyya, don haka gida mai hali sai ya ɗauko direba daga waje, kuma direbobin gida kaɗai sun haura miliyan ɗaya. Ƙara da masu tirela da tanka da tasi, da masu motar ruwa, da yaran da ke kai abinci gida-gida a kan babur. Kusan dukkansu baƙi ne. Baturen da ya dawo gida yana huci yana cewa Larabawa ba su iya tuƙi ba, mai yiwuwa wanda ya yanke shi ɗan Peshawar ne, wanda ya yi masa ham ɗan Omdurman, wanda ya tare masa hanya ɗan Zinder. In ka zauna da 'yan ƙasar kuwa za ka ji labarin a juye: wai baƙi ne suka ɓata musu titi, mutanen da ba su taɓa riƙe sitiyari ba sai da suka sauka a filin jirgi da bizar direba, suka koyi tuƙi da motar maigida da yaran maigida a baya. Laifi tudu ne. Kuma kowane ɓangare da 'yar gaskiyarsa, don na san wanda aka kawo da sunan direba alhali giyar baya ma sai a nan ya koya.

Sai dai ko wanda ya iya ɗin, a dubi yininsa. Ya kai yara makaranta da sassafe, ya dawo ya kai uwar gida asibiti, ya koma ɗauko yara da azahar, la'asar kasuwa, bayan isha'i ziyarar dangi, ya zauna a mota a ƙofar gida har ƙarfe biyun dare. Da asuba a sake lale. Shi kuma mai kai abinci, kuɗinsa na bin yawan kayan da ya kai ne, ga waya na ƙirga masa mintoci. In irin waɗannan suka yi ganganci, ba tarbiyyar ƙasarsu ake gani ba, barci ne da agogo.

Garin kansa ma yana koyar da tuƙi. A farkon shekarun 1970 kamfanin wani masanin tsara birane ɗan Girka, Doxiadis, ya zana wa Riyad taswira: manyan unguwanni masu kusurwa huɗu, kowace kilomita 2 tsawo 2 faɗi, manyan tituna sun zagaye su. Kuɗin mai ya shigo, garin ya bazu a kan wannan zane har ya wuce inda mai zanen ya yi zato. Babu wanda ya yi tunanin mai tafiya a ƙasa, wanda ko ya so ma zafin da ke haura digiri 45 ba zai bar shi ba. Fetur kuwa har ƙarshen 2015 halala 45, ƙasa da rabin riyal, ake sayar da lita, bai kai kuɗin ƙaramar gorar ruwa ba. Jirgin ƙasa na cikin garin Riyad, mai layi 6 da tsawon kilomita 176, sai a Disambar 2024 ya fara ɗaukar fasinja. Kafin nan mota ce ƙafar kowa. Wanda bai isa tuƙi ba, wanda idonsa ya raunana, wanda ya kwana bai yi barci ba, duk dole su hau titi, don babu wata hanyar.

A kan waɗannan titunan ne, musamman na sababbin unguwannin da aka shimfiɗa wa kwalta kafin a yi gini, samari suka ƙirƙiro abin da suke kira tafhiɗ. Wasan mota ne irin wanda yaranmu ke yi ranar ɗaurin aure, amma da gudun da ya wuce hankali, mota na juyi a tsakanin motocin bayin Allah, 'yan kallo jere a bakin titi. Shi ne hoton da duniya ta fi sani na tuƙin Saudiyya saboda bidiyonsa da ya cika intanet. A 2016 aka mai da tararsa riyal 20,000 a karon farko, 40,000 a na biyu, 60,000 a na uku. Ni dai ban ɗauke shi ma'aunin tuƙin jama'a ba, kamar yadda ba za a auna direbobin Kano da 'yan rakiyar amarya ba.

Inda na fi jin tsoro shi ne bayan gari. Tsakanin Harad da Baɗha, wajen iyakar Daular Larabawa, akwai titin da ya miƙe kusan kilomita 240 ba kwana ko ɗaya. A wasu manyan hanyoyin doka ta yarda da gudun 140. Ba rami da zai farkar da kai, ba ƙauye, ba shingen 'yan sanda kowane kilomita goma. Kwalta ta ɗau zafi, tsohuwar taya ta fashe, ko raƙumi ya ɓullo cikin duhu, wanda in mota ta daki ƙafafunsa gangar jikin kan gilashi take faɗowa. Alhazai da masu umara sun san hanyar Makka zuwa Madina, kilomita 400 da ɗoriya, da direban bas da ke gyangyaɗi bayan ya yi sawu biyu. A watan Oktoban 2019 wata bas ta yi karo da motar aikin gini a kusa da Madina ta kama wuta, mutum 35 suka rasu, dukkansu baƙi.

Turawa na da wani bayani da suke so ƙwarai: wai imani da ƙaddara ne, mutumin da ya ce in kwana ya ƙare ya ƙare ba zai ɗaura bel ba. Na sha jin wannan har ya gundure ni. Gaskiya ne ana faɗin maganar, mu ma muna faɗi. Amma addinin da ya ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali ba shi ne ya hana bel ba. Hujja mafi sauƙi ita ce lissafi. A 2016, a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, mutum 9,311 suka mutu a titunan Saudiyya, wato 28.8 cikin kowane 100,000, ɗaya daga cikin mafi muni a ƙasashe masu arziki. A 2021 adadin ya sauko zuwa 6,651, wato 18.5. Kashi ɗaya cikin uku ya tafi a shekara biyar. Aƙida ba ta sauya a shekara biyar ba, halin mutane ma haka.

Abubuwa da dama sun haɗu. An gyara mahaɗu masu cin rai, an inganta motocin ɗaukar marasa lafiya, fetur ya tashi har ya kai riyal 2.18, annobar korona ma ta zaunar da mutane a gida na wani lokaci. Amma in ka tambayi direba, abu ɗaya zai ambata. Sahir ya ɗauki lambar mota, lambar na haɗe da katin shaidar mai ita ko igamarsa, kafin ka isa gida saƙo ya shigo wayarka. Tsallake jar danja riyal 3,000 zuwa 6,000. Tun 2018 na'urar na leƙa cikin mota ta ga wanda bai ɗaura bel ba da mai riƙe da waya. Tarar na zaune a Absher, manhajar gwamnati, tana jiranka, kuma baƙon da ake bi ba zai samu bizar fita ba sai ya biya. Doka dai da ma tana nan, bel ya zama tilas tun shekarar 2000. Abin da ya sauya shi ne an cire ɗan Adam daga tsakani. Da, ɗan murur, wato ɗan sandan hanya, na iya tsayar da kai, ka kira wani da ya san wani, abin da suke kira wasɗa, mu mu ce hanya ko ƙafa. Akwati ba shi da ɗan'uwa, ba ya sanin ɗan gidan wane.

Wannan tambaya ta ko hali ne ko tsoron hukunci, an taɓa samun wurin da ta gwada kanta, kuma a kan baƙi. Jami'an jakadancin da ke Majalisar Ɗinkin Duniya a New York suna da rigar kariya, saboda haka in suka ajiye mota inda aka hana, za a manna musu takardar tara amma ba mai tilasta su biya. Masana tattalin arziki biyu, Raymond Fisman da Edward Miguel, suka bi takardun da aka ƙi biya daga 1997 zuwa 2002, sama da 150,000, kuɗinsu ya haura dala miliyan 18. Ga mutane daga ƙasashe kusan 150, gari ɗaya, titi ɗaya, babu hukunci a kan kowa. Jami'an Kuwait ne suka zo na ɗaya, kowane mutum guda da takarda sama da 240 a shekara. Masar da Chadi da Sudan suka biyo baya. Na Norway da Sweden da Japan kuwa, ko ɗaya. Mai cewa hali ne sai ya ce to kun gani, mutum da guzurin garinsu yake tafiya. Kuma ba a isa a ce masa ƙarya yake ba.

Sai dai labarin bai ƙare a nan ba. A ƙarshen 2002, zamanin magajin gari Michael Bloomberg, aka ba birnin damar ƙwace lambar jakadanci daga motar da ta tara takardu. Karya dokar ya faɗi da kusan kashi 98 cikin 100, har da na waɗanda suka fi kowa. Wani abin da binciken ya gano, wanda ni ya fi burge ni, shi ne a shekarun da ba hukunci, gwargwadon daɗewar jami'i a garin gwargwadon ƙaruwar laifinsa, kuma waɗanda suka zo da tsabtar hannu ma sun riƙa lalacewa a hankali. In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma sai ka nemi tsumma ka ɗaura. Ni shaida ne. Shekarata ɗaya da fara tuƙi a can, wata rana na tsinci kaina manne a bayan wata ƙaramar mota ina watsa mata fitila ina tsaki, abin da watanni kaɗan baya nake ba da labarinsa a matsayin hauka.

Ba ina yi wa Sahir kirari ba ne. Akwati ba ya karɓar cin hanci, amma kuma ba ya tambayar albashi. Riyal 3,000 ga yaron da ubansa ya saya wa sabuwar Land Cruiser kuɗin cin abincin dare ne da abokai. Ga dattijon da ya rage mini hanya, kuɗin makarantar 'ya'yansa ne na zango guda a gida. A Finland tara na bin kuɗin shigar mutum ne, har a 2023 aka ci wani attajiri yuro 121,000 saboda ya yi gudun 82 a inda aka ce 50. A Saudiyya kuɗin ɗaya ne ga kowa, shi ya sa tsoron bai rabu daidai ba. Wanda ya fi bin doka a titin sau da yawa shi ne wanda ya fi kowa talauci, kuma shi ne ake yi wa ham. Sau da yawa ma uwar gida ce a baya take cewa yalla yalla, mun makara, amma in saƙon tara ya shigo wayar maigida, daga albashin direba za a cire. Bashin tara ya taru wa jama'a har a 2024 gwamnati ta yafe rabin abin da ake bin mutane ga wanda ya biya cikin wa'adi.

Mutane kuma sun koyi zama da akwatin. Kowa ya san inda yake, waya ma tana faɗa. Za ka ga titi gaba ɗaya ya taka birki lokaci guda kamar an yi kabbara, an wuce shi kuma kowa ya koma gudunsa. Sabon zuwa da bai san wurin ba shi ne ke afka wa na gabansa.

In an yi karon kuwa, wani babin ne. Matuƙar ba wanda ya ji rauni, ba 'yan sanda ake kira ba, ma'aikacin Najm ne zai zo, kamfanin da ke duba haɗari a madadin kamfanonin inshora, ya ɗau hoto ya raba laifi: 100, ko 75 da 25, ko 50 da 50. Baƙi da yawa sun yi imani cewa in ka yi karo da ɗan ƙasa to kai ne mai laifi tun kafin a duba. Abin da na lura da shi, wanda ya iya Larabci ya fi iya tsara labarinsa, wanda bai iya ba sai ya tsaya yana nuni da hannu, wani lokaci ya sa hannu a takardar da bai karanta ba. Shi ya sa ƙaramar kyamarar gaban mota ta zama abokiyar baƙo, ita ba ta buƙatar tafinta. In aka yi rashin rai kuma, diyyar kisan kuskure ta namiji riyal 300,000 ce tun 2011. Mai lasin da inshora mai rai, kamfani zai ɗauka. Wanda ke kabu-kabu a ɓoye ba lasin, ko igamarsa ta mutu, yana iya daɗewa a tsare har sai 'yan'uwa sun yi karo-karo ko iyalan mamaci sun yafe. Namu da ke zaune ba takarda sun san wannan sarai, shi ya sa za ka ga tuƙinsu kamar mai ɗauke da ƙwai.

Bayan wata biyar ko shida na sake haɗuwa da dattijon nan, ya dawo daga hutu a gida. Na tambaye shi mutanen gida, na tambaye shi hanya. Ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce tun daga filin jirgi aka fara, ɗan ƙaninsa ya zo ɗaukarsa, yana shiga ya jawo bel ya ɗaura, yaron ya dube shi ya ce, "Baba, ko ba ka yarda da tuƙina ba ne?" Kwana biyu bayan nan ya karɓi motar zai je gaisuwar rasuwa. Da dare a wata mahaɗa fitila ta yi ja, ya tsaya cak a bayan layi kamar yadda ƙafarsa ta saba. Sai ji ya yi ƙwas a baya, ɗan adaidaita ya fasa masa fitila. Yaron ya sauko, ya duba gaban kekensa, ya leƙo ta taga cikin ladabi da mamaki na gaske.

"Alhaji, lafiya ka tsaya?"

Na ce, "To Baba, me ka ce masa?"

"Me zan ce? Na ba shi haƙuri. Washegari na je Ƙofar Ruwa na sayo fitila."